Seydou Keita: Kafintan Bamako da aka baje hotunansa a Amurka ba tare da sunansa ba

A shekarar 1991 aka buɗe wani baje kolin fasahar Afirka ta ƙarni na 20 a birnin New York na Amurka. Cikin kayan da aka rataye akwai wasu hotuna marasa launi na mutanen Bamako, babban birnin ƙasar Mali, kowa ya ci ado yana duban kyamara ba tare da shayi ba. Takardar bayanin da ke gefensu ta nuna cewa ba a san wanda ya ɗauke su ba. Alhali kuwa mai su yana nan da ransa a Bamako, dattijo mai kimanin shekara 70, wanda ya yi ritaya daga aikin gwamnati shekara 14 kafin wannan lokaci, kuma dubban negetif na hotunan da ya ɗauka suna adane a gidansa. Sunansa Seydou Keita, wanda a bakin Bahaushe zai zama Sa'idu.

Daga katako zuwa kyamara

An haifi Keita a Bamako a wajejen shekarar 1921, lokacin da ƙasar take ƙarƙashin mulkin mallakar Faransa da sunan Sudan ta Faransa. Shi ne babba cikin 'ya'ya biyar. Mahaifinsa kafinta ne, saboda haka bai shiga makarantar boko ba, sai ya tashi a gindin mahaifin yana koyon aikin katako tun yana ƙarami.

A 1935 wani ɗan'uwan mahaifinsa ya dawo daga Senegal da ƙaramar kyamara samfurin Kodak Brownie, ya ba yaron. Da ita ya fara gwaji a kan 'yan gidansu da abokan aikinsa, wasu hotunan su fito, wasu su lalace. Ya ci gaba da kafinta yana ɗaukar hoto a gefe, yana kai fim wanki shagon wani Bafaranshe mai suna Pierre Garnier, inda ya tsinci dabarun sana'ar. Daga baya ya ƙara gogewa a hannun wani mai hoto ɗan ƙasa da ake kira Mountaga. Sai a 1948, bayan shekara 13 yana koyo, ya buɗe wurin kansa a filin gidansu da ke unguwar Bamako-Kura.

Wurin ya faɗo a kan gaɓa. Yana kusa da babban gidan yari, ba shi da nisa da tashar jirgin ƙasa ta layin dogon da ya haɗa Dakar da Bamako, ga kasuwa ga gidan silima duk a yankin. Fatake da ma'aikata da matafiya daga ƙasashen maƙwabta suna bi ta wurin, kuma da yawansu suna son komawa gida da shaidar cewa sun shigo birni.

Shi ma lokacin ya dace. A 1946 Faransa ta soke aikin tilas a ƙasashen da take mulka, kuma a cikin shekarar ne aka kafa babbar jam'iyyar neman 'yanci ta RDA a nan Bamako. Birnin yana cika da baƙi daga ƙauyuka, malaman makaranta da akawuna da ma'aikatan jirgin ƙasa suna ƙaruwa. Mutane ne da suka fara ganin kansu da sabon ido, suna kuma neman wanda zai adana musu wannan gani.

Hoto guda, ba a maimaitawa

Yawancin aikin Keita a tsakar gida ya yi shi, da hasken rana. Yana amfani da babbar kyamara mai ɗaukar negetif na santimita 13 da 18, kuma galibi girman hoton da yake miƙa wa mai shi bai wuce haka ba, abin da zai shiga ambulan a aika wa dangi. Saboda tsadar fim, sau ɗaya yake ɗaukar mutum. Dole ne komai ya daidaita kafin nan: zaman kafaɗa, inda fuska ta karkata, yadda hannu ya kwanta a kan cinya domin zobe da munduwa su fito.

Labulen farko da ya rataya a bayan masu hoto zanen gadonsa ne. Daga baya ya riƙa sauya labule bayan 'yan shekaru, wani mai zanen ganye, wani mai zane mai lanƙwasa, har ya zama da labulen yake gane shekarun da ya ɗauki hoto. Idan mace ta zo da atamfa mai zane ta zauna a gaban labule mai zane, sai kayan biyu su sarƙe da juna, fuskarta kaɗai ta fito fili. Wannan salo ne masana fasaha suka fi yabawa daga baya, amma a wurinsa dabarar aiki ce ta mai son abokin cinikinsa ya koma gida da farin ciki.

Ya kuma tanadi kayan aro. Akwai kwat irin ta Turawa, da agogo, da alƙalami, da tabarau, da rediyo, da furannin roba, da keke, da babur ɗin Vespa, har da motarsa Peugeot 203. A jikin bango ya manna samfurin hotunan da ya ɗauka a baya domin wanda ya zo ya zaɓi irin tsayuwar da yake so. Wani saurayi ya sa farar kwat da tabarau, alƙalami a aljihu, fure a hannu. Wata mata ta kishingiɗa a kan gado ta tallafe kai da hannu. Wani magidanci cikin babbar riga ya ɗora jaririya a cinya yana murmushi.

Mai karatu zai iya cewa ai ado da kayan aro ruɗi ne. Amsar tana cikin irin hotunan da suka gabaci Keita. Tun farkon ƙarni na 20 masu hoto na Turawa, irin su François-Edmond Fortier da ke Dakar, suke buga katunan gidan waya masu hotunan 'yan Afirka ta Yamma, ana rubuta ƙabilar mutum ko yankinsa a ƙasa kamar samfurin kaya, ana sayar wa baƙi. A waɗancan hotuna mai kyamara ne ke yanke yadda za a ga mutum. A tsakar gidan Keita kuwa, mai hoton ne ya zo da ƙafarsa, ya biya da kuɗinsa, ya zaɓi tufarsa. Wanda ya jingina da rediyon da ba nasa ba yana faɗin inda ya dosa ne, kuma burin mutum wani ɓangare ne na ko shi wane ne.

Shekara 15 a aikin gwamnati

Mali ta sami 'yanci a ranar 22 ga Satumba, 1960, ƙarƙashin Shugaba Modibo Keita, wanda ya ɗauki tafarkin gurguzu. A 1962 sabuwar gwamnatin ta ɗauki Seydou Keita aiki a matsayin mai ɗaukar hoto na hukumar tsaron ƙasa, kuma ba da jimawa ba ya bar aikin shagonsa. Ya ci gaba da wannan aiki har bayan juyin mulkin 1968 da ya kawo Moussa Traoré, ya yi ritaya a 1977.

Duk shaharar da ya samu daga baya ta tsaya ne a kan aikin shekara 14 ko 15 na tsakar gida. Hotunan da ya ɗauka wa hukuma, na tsawon lokaci kusan daidai da wancan, ba su shiga manyan baje kolin da suka ɗaukaka shi ba, domin mallakar gwamnati ne. Abin da ya tsira ya kai ga idon duniya shi ne wanda ya adana da hannunsa. Ya jera negetif ɗinsa bisa tsari, na maza daban, na mata daban, na mutum biyu ko taro daban, saboda wani zai iya dawowa neman a sake wanke masa. Wannan tsari na ɗan kasuwa mai kula shi ya ceci tarihin wani zamani na Bamako.

Yadda aka gano mai su

Cikin waɗanda suka ga baje kolin New York, wanda Susan Vogel ta shirya, akwai attajiri mai tara kayan fasaha, Jean Pigozzi. Hotunan sun kama hankalinsa, sai ya tura André Magnin, mai kula da kayan da yake tarawa, zuwa Bamako da kwafinsu. Can Magnin ya nuna wa Malick Sidibé, wani fitaccen mai hoto na birnin, wanda da gani ya shaida aikin Keita, ya kuma nuna hanyar gidansa. Abin da ya gagari gidan baje koli a Amurka, tambaya guda ta warware shi a Bamako.

Magnin ya zaɓi negetif sama da 900 ya tafi da su Faransa. A 1994 Gidauniyar Cartier ta shirya wa Keita baje koli nasa shi kaɗai a Faris. A shekarar ce kuma aka fara babban taron masu hoto na Afirka a Bamako, wanda ake yi duk bayan shekara biyu. A 1996 hotunansa suka shiga baje kolin masu hoto na Afirka a gidan Guggenheim na New York, wanda ɗan Najeriya Okwui Enwezor yana cikin waɗanda suka tsara shi. A 1997 aka buga babban littafin hotunansa, aka kuma baje su a gidan Gagosian, ɗaya daga cikin manyan dillalan fasaha na duniya.

Abin da bango ya ƙara, da abin da ya rage

Hoton da aka rataye a Faris da New York ba shi ne wanda aka miƙa wa mai shi a Bamako ba. An sake wanke shi daga negetif, an faɗaɗa shi har wani ya haura mita ɗaya, an ƙara wa baƙi da fari ƙarfi. A wannan girma ne aka ga zaren saƙa da ƙyallin ɗan kunne da ba a iya gani a ƙaramin hoto, kuma Keita da kansa ya sa hannu a kan irin waɗannan manyan hotuna. Sai dai abin da aka yi domin jakar amarya ko bangon ɗakin uwa ya koma kayan sayarwa da tsada ga mutanen da ba su san kowa a cikinsa ba.

Akwai kuma batun suna. Keita ya buga hatimin sunansa a bayan hotunan da ya ba mutane, amma bai rubuta sunayen abokan cinikinsa a jikin negetif ba. Babu buƙatar hakan a lokacin, tunda hoton gida zai tafi, inda kowa ya san mai shi. Da aka ɗauko negetif aka kai gidajen baje koli, sai akasarin hotunan suka fito ba su da take, sai kimanin shekara. An mayar wa mai kyamara sunansa, amma yawancin waɗanda suka zauna a gabansa har yau fuska ce kawai. Mutanen da suka biya kuɗi domin a san su, an san adonsu a duniya ba a san su ba.

Kuɗi ma ya kawo nasa rikicin. A ƙarshen rayuwarsa dangantakarsa da Pigozzi da Magnin ta yi tsami, ya ƙulla yarjejeniya da wani dillali, Jean-Marc Patras. Keita ya rasu a Faris a watan Nuwamba na 2001, yana da kimanin shekara 80, ya bar taƙaddama kan wanda ke da ikon riƙe negetif ɗin da buga hotuna daga gare su, har ta kai ga kotu.

Bayansa

A 2016 aka shirya masa babban baje koli a zauren Grand Palais na Faris, mai hotuna kusan 300, kuma a wannan karo an haɗa da ƙananan hotuna na asali irin waɗanda ya miƙa wa mutane da hannunsa. Babbar kyautar taron masu hoto na Bamako tana ɗauke da sunansa. Ɗan Najeriya Uche Okpa-Iroha ya lashe ta a 2009 da kuma 2015, shekarar da marigayiya Bisi Silva ta Legas ta jagoranci tsara taron.

Irin sana'ar Keita ba baƙuwa ba ce a garuruwanmu. Gidaje da dama a Najeriya suna da tsohon hoton sallah ko na aure ko na ranar kama aiki, wanda aka ɗauka a gaban labule a shagon wani mai hoto da ya daɗe da rufewa. Haka ofisoshin gwamnati suna da tarin hotunan bukukuwa da na ma'aikata a cikin kabad. Akasarinsu idan aka juya bayansu babu suna, babu shekara, kuma waɗanda za su iya shaida fuskokin suna raguwa kowace shekara. Hotunan Keita sun sami Malick Sidibé da ya gane su da kallo guda. Na cikin akwatunanmu sai dai wani ya zauna da dattawan gida ko tsofaffin ma'aikata, ya ɗauki fensir ya rubuta a bayan kowanne wane ne, a ina, kuma yaushe.