Michael Faraday: Yaron Shagon da Ƙananan Alherai Suka Ɗaga

Duk wanda ya zauna a ajin kimiyya ya ci karo da sunan Faraday, ko a darasin lantarki ko a dokokin da muke haddacewa saboda jarrabawa. Abin da littafin aji ba ya faɗa mana shi ne yadda ɗan maƙeri, wanda karatunsa na makaranta bai wuce karatu da rubutu da ɗan lissafi ba, ya kai wannan matsayi. A shafin tarihi na wannan makon za mu bi rayuwarsa, mu ga mutanen da suka taimake shi da abin da bai fi ƙarfinsu ba: izinin karanta littafi, sule guda, tikitin lacca da amsar wasiƙa.

Tasowarsa

An haifi Michael Faraday ranar 22 ga Satumba, 1791, a Newington Butts da ke kudancin birnin Landan a Ingila. Shi ne na uku cikin 'ya'ya huɗu. Mahaifinsa James maƙeri ne, amma yawan rashin lafiya ya hana shi tsayawa a maƙera yadda ya kamata, don haka gidan ya sha fama da talauci. A shekarar 1801, da abinci ya yi tsada a Ingila, akwai lokacin da burodi guda ake ba yaron ya yi maneji da shi har mako ya zagayo.

Yana ɗan shekara 13 ya bar makaranta, ya zama yaron aike a shagon wani mai sayar da littattafai da ɗinke su, mai suna George Riebau, a titin Blandford. Aikinsa shi ne ya kai wa mutane jarida gida-gida, ya koma ya karɓo idan sun gama, domin a lokacin da yawa haya suke yi ba saye ba. Bayan shekara guda, a 1805, Riebau ya ɗauke shi koyon sana'ar ɗinkin littattafai na shekara bakwai. A al'adar wancan zamani iyaye ke biyan maigida kuɗin koyarwa, amma Riebau ya yafe, saboda ya ga riƙon amanar yaron.

Maigidan da bai hana karatu ba

Wani maigidan da ya ga yaronsa yana leƙa cikin littafin da aka kawo ɗinki, tsawa zai daka masa. Riebau ƙyale shi ya yi, har yana ƙarfafa masa gwiwa. Bayan an tashi aiki Faraday yakan zauna ya karanta abin da ya wuni yana ɗinkewa. A nan ya ci karo da bayanin lantarki a kundin Encyclopaedia Britannica, a nan kuma ya karanta littafin da wata marubuciya, Jane Marcet, ta rubuta don sauƙaƙa wa masu koyo ilimin sinadarai. Da 'yan kwabban da ya tara ya sayi tsofaffin kwalabe da tarkace, ya riƙa gwada abin da ya karanta don ya gani da idonsa. Maigidan ya bar shi yana yin haka a bayan shago.

A 1810 ya ga sanarwar cewa wani maƙerin azurfa, John Tatum, yana ba da laccocin kimiyya da yamma a gidansa, kuɗin shiga sule guda. Yaron shago ba shi da wannan sule. Yayansa Robert, wanda ya gaji ƙira, shi ya riƙa ba shi. A wannan shekarar ce mahaifinsu ya rasu, saboda haka sulen ba daga rarar kuɗi yake fitowa ba. Faraday bai yi wasa da shi ba: yakan rubuta duk abin da ya ji, ya koma ya sake kwafe shi da kyau, da zane-zane, sannan ya ɗinke shi ya zama littafi.

Tikiti da wasiƙa

Riebau ya yi alfahari da waɗannan rubuce-rubuce, har yana nuna wa masu zuwa shagonsa. Ta haka labarin yaron ya kai kunnen William Dance, wani mawaƙin kayan kiɗa mai hulɗa da cibiyar kimiyya ta Royal Institution. A farkon 1812 Dance ya ba Faraday tikitin sauraron Humphry Davy, wanda a lokacin babu masanin sinadarai da ya kai shi suna a Ingila. Lacca huɗu ya halarta, yana zaune can sama da takarda da alƙalami.

Da wa'adin koyon sana'arsa ya cika a ƙarshen shekarar, zuciyarsa ta riga ta koma ga kimiyya. Tun yana koyon sana'ar ya rubuta wa Joseph Banks, shugaban ƙungiyar masana ta Royal Society, yana neman kowane irin aiki komai ƙanƙantarsa. Bai samu amsa ba. Sai ya ɗauki bayanan laccocin Davy, kusan shafi 300, ya ɗinke su da hannunsa, ya aika wa Davy tare da wasiƙa. Davy babban mutum ne mai hidimomi da yawa, kuma da ya yi shiru ba wanda zai zarge shi. Amma ya zauna ya ba da amsa cikin mutunci, ya kuma gana da saurayin. Da farko shawara ya ba shi kada ya saki sana'arsa, domin kimiyya ba ta cika ciyar da mai ita ba. Da aka sallami wani ma'aikacin ɗakin gwaje-gwaje saboda faɗa, Davy ya tuna da mai ɗinkin littattafai. A watan Maris na 1813 Faraday ya fara aiki a Royal Institution, a kan sule 25 a mako da ɗakin kwana a saman ginin. Wanke kwalabe da shirya kayan gwaji ne farkon aikinsa.

Hanyar ba ta zo da sauƙi ba. Daga 1813 zuwa 1815 ya raka Davy zagayen Faransa da Italiya da Suwizalan, inda ya ga manyan masana irin su Ampère da Volta, amma matar Davy ta riƙa ɗaukarsa a matsayin bara. Daga baya shi kansa Davy ya nuna adawa lokacin da aka nemi shigar da Faraday cikin Royal Society, ko da yake an zaɓe shi a 1824. Duk da haka Faraday bai manta wanda ya buɗe masa ƙofa ba, ya ci gaba da ganin girmansa.

Abin da duniya ta samu

A 1821 Faraday ya rataya waya a cikin kwanon zaiba mai maganaɗisu a tsakiya. Da ya saki lantarki, sai wayar ta riƙa zagaya maganaɗisun. Wannan ne asalin injin da ke juya fanka da famfon ruwa da injin markaɗe mai aiki da wuta. A 1825 ya gano sinadarin benzin. A watan Agusta na 1831 ya naɗa waya biyu daban-daban a jikin zoben ƙarfe, ya lura cewa duk lokacin da ya kunna ko ya kashe lantarki a ɗaya, sai lantarki ya ɗarsu a ɗayar, alhali ba su haɗu ba. Wannan shi ne tushen taransifoma. Bayan 'yan makonni ya nuna cewa motsa maganaɗisu a cikin naɗin waya yana haifar da lantarki, ya kuma juya faifan jan ƙarfe a tsakanin bakin maganaɗisu ya samu wuta mai ɗorewa. Janaretan mai cajin waya a bakin kasuwa da manyan injinan madatsar ruwa ta Kainji duk a kan wannan ƙa'ida suke aiki.

Ya kuma tsara dokokin raba sinadarai da lantarki, waɗanda ɗaliban kimiyya ke karantawa har yau. Ya shafe kusan shekara 30 yana ba da shawara kan gyaran fitilun gaɓar teku da ke nuna wa jirage hanya da dare. A 1844 yana cikin waɗanda suka binciki fashewar mahaƙar kwal ta Haswell, inda mutum 95 suka mutu. Ma'aunin da ake kira farad daga sunansa aka samo shi, kuma Ingila ta taɓa sa hotonsa a takardar fam 20.

Yadda ya rama

Wanda aka yi wa rana, ya kamata ya yi wa wani dare. Faraday ya sadaukar da wani kundin rubuce-rubucensa na ƙuruciya ga Riebau don godiya. Bayan ya yi suna, ya riƙa aika wa Jane Marcet sakamakon bincikensa, yana ɗaukarta malamarsa ta farko duk da cewa ta littafi ya fara saninta. Danginsa sun ba da labarin cewa ba ya wuce yaro mai tallar jarida a titi ba tare da ya yi masa magana mai daɗi ba, saboda ya san nauyin wannan aiki.

Babbar ramuwarsa ga yara ya yi ta. A 1825 aka fara laccocin ƙarshen shekara na matasa a Royal Institution, shi da kansa ya gabatar da su sau 19. Wadda ta fi shahara a kan kyandir ya yi ta: da wannan abu da ke kowane gida ya koya wa yara yadda wuta ke ci, da aikin iska, da yadda numfashinmu ya yi kama da ƙonewa. Har yau ana yin waɗannan laccoci duk shekara.

Bai damu da muƙami ba. Sau biyu aka yi masa tayin shugabancin Royal Society, ƙungiyar da shugabanta ya taɓa ƙin amsa wasiƙarsa, ya ce a ba wani. Shi da matarsa Sarah, wadda ya aura a 1821, ba su samu haihuwa ba, amma sun riƙe 'ya'yan 'yan'uwa a gidansu. A ƙarshen rayuwarsa mantuwa ta dame shi, ya koma wani gida a Hampton Court da Sarauniya Victoria ta ba shi. A can ya rasu ranar 25 ga Agusta, 1867, yana da shekara 75, aka binne shi a maƙabartar Highgate ƙarƙashin dutse marar ado kamar yadda ya so.

Abin lura

Riebau da Robert da Dance babu wanda ya san cewa yaron nan zai zama abin da ya zama. Sun ga mai son karatu ne kawai, kowa ya miƙa abin da ke hannunsa. Banks kuwa, wanda ya fi su duka iko, shiru ya yi. Hausawa na cewa alheri danƙo ne, ba ya faɗuwa ƙasa banza. A ajinmu ma akwai wanda bai iya sayen littafin lissafi ba, akwai wanda zazzaɓi ya kwantar mako biyu yana neman wanda zai ara masa littafin rubutu ya kwafa, akwai ɗan aji ɗaya da ke tsoron tambayar manya hanyar ɗakin karatu. Ba sai mun zama attajirai za mu taimaka musu ba. Kafin a kaɗa ƙararrawar tashi yau, kowa ya duba na kusa da shi.