Rayuwar Waliyyai: Waliyi Yohanna Bosko, Uban Matasa

Kowace shekara a ranar 31 ga Janairu Ikklisiya takan yi bikin tunawa da Waliyi Yohanna Bosko, wanda duniya ta fi sani da Don Bosko. Ya kamata iyaye da malaman makarantunmu su san labarinsa.

An haife shi ranar 16 ga Agusta, 1815, a ƙauyen Bekki, a arewacin ƙasar Italiya. Yana ɗan shekara biyu mahaifinsa ya rasu, ya bar mahaifiyarsa Margarita da ɗawainiyar gida cikin talauci. Ita ce ta fara koya masa addu'a da katekisim. Tun yana yaro yakan tara tsaransa da wasannin dabara da tafiya a kan igiya, in sun taru sai ya maimaita musu wa'azin ranar Lahadi, su yi addu'a tare. Ya yi aikin gona da ɗinki don ya sami abin biyan karatu, har Allah ya sa aka naɗa shi firist a birnin Turin a 1841.

A lokacin nan yara maza da yawa suna barin ƙauyuka zuwa Turin neman aiki. Waɗansu suna kwana a bakin titi, waɗansu kuwa sun ƙare a kurkuku. Da sabon Fada ya ziyarci gidajen yari ya ga halin da suke ciki, sai ya ƙudura a ransa zai kai gare su kafin su lalace. Ranar 8 ga Disamba, 1841, ya fara koya wa wani maraya guda katekisim. Ba da jimawa ba yaran suka kai ɗaruruwa. Maƙwabta suka yi ta korarsu daga wuri zuwa wuri saboda hayaniya, sai a 1846 suka sami mazauni a unguwar Baldokko. Mahaifiyarsa ta bar ƙauye ta zo ta zama uwar marayun nan shekara goma, har rasuwarta a 1856.

A wannan gida aka haɗa karatu da sana'a da ibada. An koya wa yara ɗinki, aikin takalmi, kafinta da buga littattafai. Tarbiyyarsa ta tsaya a kan abu uku: hankali, addini da ƙauna, ba bulala ba. Yakan ƙarfafa yara su riƙa furta zunubansu, su karɓi Jibi Mai Tsarki a kai a kai. Bayan addu'ar dare yakan yi musu gajeren gargaɗi kafin su kwanta. Bukukuwan Uwargida Maryamu, musamman na 8 ga Disamba da na 24 ga Mayu, ana yin su da Hadaya Mai Tsarki, waƙoƙi, kaɗe-kaɗe da wasan kwaikwayo, gama ya gaskata cewa tsarki da farin ciki tare suke tafiya.

Amfanin wannan reno ya bayyana a 1854, sa'ad da cutar kwalara ta auka wa Turin, yaransa suka fita jinyar marasa lafiya. A wannan shekara ce kuma Dominik Sabiyo ya shiga makarantar. Ya rasu a 1857 yana ɗan shekara goma sha huɗu, aka kuwa sa shi cikin waliyyai a 1954.

Don aikin ya ɗore, ya kafa ƙungiyar Salesiyan a 1859, sa'an nan a 1872 shi da Maryamu Mazzarello suka kafa ƙungiyar sistoci domin 'yan mata. Ya rasu ranar 31 ga Janairu, 1888. Paparoma Pius na XI ya sa shi cikin waliyyai ranar Idin Tashin Ubangiji, 1934.

Bari kowane malami da kowane katekis ya tambayi kansa ko yaran da ke hannunsa sun san cewa ana ƙaunarsu. Waliyi Yohanna Bosko, ka yi addu'a domin 'ya'yanmu da makarantunmu. Amin.