Sarki Abdullahi Burja: Wanda Ya Buɗe Hanyar Borno Zuwa Gwanja

Idan ana zancen tsofaffin hanyoyi, akan tuna da Rumawa da titin Appiya da suka fara ginawa a shekara ta 312 kafin haihuwar Annabi Isa (AS). Ƙasar Hausa ma tana da tata babbar hanya, kuma littafin Tarihin Kano ya danganta buɗe ta ga Sarki Abdullahi Burja.

Burja ɗan Sarki Kanajeji ne. Ya hau gadon sarautar Kano a 1438 bayan ɗan'uwansa Dauda, ya yi mulki har 1452. Shi ne sarkin Hausa na farko da ya fara aika gaisuwa Borno, daular da ta fi ƙarfi a gabas a lokacin. Da ya samu zaman lafiya ta wannan ɓangare, sai ya buɗe hanya daga Borno har Gwanja, a arewacin Ghana ta yau, inda ake samun goro. A zamaninsa raƙuma suka fara yawa a ƙasar Hausa.

Hanyar ba ta dutse ba ce irin ta Rumawa. Ƙarfinta yana ga zango da rijiya da amincin da sarakunan kan hanya suke bai wa ayari. Sai dai arzikin wancan zamani ya ci rayuka, domin Galadimansa Dauda ya yi ta kai hari kudu yana kamo bayi dubbai, har aka kafa garuruwa 21 da su.

Amfanin aikin ya fito fili bayan rasuwarsa. A zamanin ɗansa Yakubu, gishirin Azbin ya wadata, fataken Gwanja suka fara zuwa Katsina, Barebari da Larabawa suka ƙaru. Jikansa Muhammadu Rumfa, wanda ya hau a 1463, shi ya kafa Kasuwar Kurmi a kan wannan harsashi. Ƙarnuka bayan haka madugai suna jan ayarin jakuna ta Jega da Yawuri zuwa Salaga.

A yau babban titin da ya taso daga Legas yana ratsa Yawuri da Jega da Sakkwato, ya tsaya a Illela, bakin iyaka da Birnin Ƙonni. Ɗan kasuwar da ya taɓa kwana da kayansa a wannan iyaka saboda an rufe ta, ya san abin da Burja ya gane tun kusan shekara 600 da suka wuce: hanya tana rayuwa ne muddin akwai aminci tsakanin maƙwabta.