Anthony Trollope: marubucin da ya zo na ƙarshe a zaɓe, ya zuba takaicinsa cikin littattafai

A watan Nuwamba na 1868, mutanen Beverley, wani ƙaramin gari a yankin Yorkshire na arewacin Ingila, suka fita zaɓen mutum biyu da za su wakilce su a majalisar dokoki ta Landan. Ƴan takara huɗu ne suka tsaya. Da aka gama ƙidaya, wanda ya zo na ƙarshe da ƙuri'a 740 shi ne wanda ya fi su suna a ƙasar baki ɗaya, wato Anthony Trollope, marubucin ƙagaggun labarai. Yana da shekara 53 a lokacin, kuma tun yana saurayi babu abin da yake kwaɗayi kamar wannan kujera. Bai sake tsayawa takara ba har ya bar duniya. Sai dai kayen da ya sha ya sauya yadda yake rubutu a kan siyasa, har aka samu littattafan da ake karantawa yau don gane abin da neman mulki ke yi wa mutum.

Yaron da ya tashi cikin bashi

An haifi Trollope a Landan ranar 24 ga Afrilu, 1815. Mahaifinsa lauya ne mai ilimi amma mai zafin rai, wanda ya kori masu kawo masa aiki, ya koma noma, noman ma ya karye. An sa yaron a manyan makarantun Harrow da Winchester, inda ƴaƴan masu hali ke karatu. Shi kuwa da tufafi masu datti yake zuwa, ba ko sisi a aljihu, ɗalibai na yi masa ba'a, malamai na dukansa.

Mahaifiyarsa Frances ce ta ceci gidan. Ta je Amurka ta buɗe kanti a birnin Cincinnati, kasuwa ta ƙi, ta dawo ta rubuta littafi a kan ɗabi'un Amurkawa a 1832, littafin ya samu karɓuwa sosai. Duk da haka a 1834 iyalin suka gudu zuwa Bruges ta ƙasar Beljiyam don tsere wa masu bin bashi. A wannan shekarar aka samar wa Anthony aikin akawu a babban gidan waya na Landan. Shekara bakwai ya yi a can cikin ƙunci: makara wurin aiki, saɓani da shugabanni, ga wani mai ba da rance da ruwa da ke biyo shi har ofis.

A wannan lokacin ne wani kawunsa ya tambaye shi me yake so ya zama. Ya ce ɗan majalisa. Kawun ya yi masa shaguɓe cewa ba kasafai akawun gidan waya ke shiga majalisa ba. Trollope ya riƙe wannan magana a ransa fiye da shekara 30.

Ailan ta gyara shi

A 1841 ya nemi a tura shi Ailan, wadda ke ƙarƙashin mulkin Birtaniya, aikin da sauran ma'aikata ke gudu. Ya sauka a garin Banagher yana zagaya ƙauyuka a kan doki yana duba gidajen waya. Can ya biya basussukansa, ya koyi farautar yanyawa a kan doki, ya auri Rose Heseltine a 1844, ya kuma fitar da littafinsa na farko a 1847, lokacin da yunwa ke kashe mutane a tsibirin. Shi ne kuma ya ba da shawarar kafa akwatunan jefa wasiƙa a bakin titi, aka fara gwada su a tsibirin Jersey a 1852.

Suna ya zo masa da littafin The Warden a 1855 da Barchester Towers a 1857, labaran malaman coci da rigimarsu ta muƙami. Yakan tashi da ƙarfe biyar da rabi na asuba, ya ajiye agogo a gabansa, ya rubuta kalma 250 a kowane minti 15, na tsawon awa uku, sannan ya tafi ofis. Da wannan tsari ya bar ƙagaggun labarai 47.

Burin kujera

Kuɗi da suna ba su kashe masa ƙishirwar majalisa ba. A ganinsa, zama a wannan zauren shi ne mafi girman abin da Baturen Ingila mai ilimi zai nema. Amma doka ta hana ma'aikacin gwamnati tsayawa takara. Bayan an tsallake shi an ba wani na ƙasa da shi babban muƙami a gidan waya, sai ya ajiye aiki a 1867, bayan shekara 33, ya yafe fanshon da zai samu da ya jira ya cika shekara 60.

Kafin nan ya riga ya shiga majalisar da alƙalami. Ya nemi izinin zama a benen ƴan kallo yana nazarin yadda ake muhawara, ya rubuta Phineas Finn, wanda aka riƙa bugawa kashi-kashi daga 1867 zuwa 1869. Labarin wani saurayi ne ɗan Ailan, ɗan likita, da ya samu kujera yana da ƙuruciya, ya zo Landan ba dukiya. A zamanin ba a biyan ƴan majalisa albashi, sai a 1911 aka fara. Don haka talaka irin Phineas ba shi da hanyar cin abinci sai ya samu muƙami a gwamnati, kuma mai muƙami dole ya bi jam'iyya ko ransa bai so ba. Phineas ya kai matsayin ƙaramin minista, sai batun haƙƙin manoman Ailan masu hayar gona ya taso. Ya bi abin da ya yarda da shi, ya saɓa wa gwamnatinsa, ya ajiye muƙami, ya koma gida. Akwai zafi a labarin, amma har yanzu majalisa wuri ne mai daraja a idon marubucin.

Mako biyu a Beverley

Trollope ya tsaya a jam'iyyar masu sassaucin ra'ayi ta William Gladstone. Tun kafin ya fara, wakilin jam'iyyar da ya san garin ya faɗa masa gaskiya: zai kashe kuɗinsa, ba zai ci ba, sannan za a shigar da ƙara a soke zaɓen a kotu. Beverley ta yi ƙaurin suna wajen sayar da ƙuri'a. Sir Henry Edwards na jam'iyyar masu ra'ayin mazan jiya yana riƙe da kujera tun 1857. Ba a ɓoye ake zaɓe ba a lokacin: mai zaɓe zai faɗi sunan ɗan takararsa a bainar jama'a, don haka wanda ya biya kuɗi yana da tabbacin an ba shi abin da ya saya.

Trollope ya yi mako biyu yana bin lunguna cikin ruwan sama da taɓo, yana roƙon ƙuri'a gida-gida. Daga baya ya bayyana cewa tun da ya girma bai taɓa ganin kwanaki masu ɗaci kamar waɗannan ba. Ya zo da ra'ayoyin da yake so ya bayyana, ya tarar ba mai bukatarsu. Masu tafiyar da yaƙin neman zaɓensa ne ke faɗa masa inda zai je da abin da zai ce, har farautar kwana ɗaya suka hana shi don kada masu zaɓe su ji haushi.

Edwards ya zo na ɗaya da ƙuri'a 1,132, abokin takararsa Kennard ya bi shi da 986. Aka shigar da ƙara, aka soke zaɓen, gwamnati ta kafa kwamitin bincike, ya gano ɗaruruwan mutane sun karɓi cin hanci. A 1870 aka ƙwace wa Beverley kujerunta gaba ɗaya. An gurfanar da Edwards gaban kotu, aka wanke shi. A 1872 Birtaniya ta koma zaɓen sirri, wanda shi Trollope kansa bai goyi bayansa ba, don yana ganin mutum ya kamata ya bayyana ra'ayinsa a fili.

Abin da kayen ya haifar

A littafin Ralph the Heir na 1871 ya mayar da Beverley wani gari mai suna Percycross, inda dattijo mai mutunci ya ci zaɓe, aka tsige shi saboda maguɗin da wasu suka yi da sunansa. A Phineas Redux na 1874, Phineas ya dawo Landan ya tarar da hassada da tsegumi. Aka kashe wani abokin gabarsa na cikin jam'iyya, aka zarge shi, ya ga yadda abokan siyasa suka yarda zai iya aikata kisa. Kotu ta wanke shi, amma da aka yi masa tayin muƙamin da ya daɗe yana nema, sai ya ƙi karɓa. A cikin littafin kuma akwai ɗan majalisar da aka kama da sayen ƙuri'a, kotu ta sake shi, jama'a na murna.

The Way We Live Now na 1875 ya fi su zafi. Wani ɗan damfara mai suna Melmotte, wanda ba a san asalin dukiyarsa ba, ya ruɗi manyan Landan da hannun jarin layin dogo, ya ci kujerar Westminster, asirinsa ya tonu, ya sha guba. Sai The Prime Minister na 1876, inda Plantagenet Palliser, mutum mai gaskiya da Trollope ya ɗauka a matsayin cikakken dattijon siyasa, ya zama firaminista a gwamnatin haɗin gambiza. Ya tarar aikinsa bai wuce riƙe mutanen da ba sa jituwa ba. Sukar jarida na hana shi barci, matarsa Glencora na kashe dukiya a liyafa don saya masa magoya baya. Abin mamaki, mulkin da bai ji daɗinsa ba, da lokacin sauka ya yi sai ya ji yana ƙyashin rabuwa da shi. Masu sharhi ba su yabi littafin ba lokacin da ya fito, abin ya yi wa marubucin ciwo.

Duk da haka Trollope bai taɓa cewa a guji siyasa ba. Phineas ya sake karɓar muƙami daga baya, Palliser ma ya amince ya koma bakin aiki a littafin ƙarshe na jerin, The Duke's Children na 1880. Abin da yake nunawa shi ne farashin: kuɗi, haƙuri da wulaƙanci, da yawan haɗiye abin da mutum ya sani gaskiya ne.

Ƙarshen rayuwarsa

Shanyewar jiki ta same shi a Nuwamban 1882, ya rasu a Landan ranar 6 ga Disamba yana da shekara 67, aka binne shi a maƙabartar Kensal Green. Tarihin rayuwarsa da ya rubuta da kansa ya fito a 1883. A ciki ya lissafa kuɗin da kowane littafi ya kawo masa, jimilla kusan fam 70,000, abin da ya sa wasu suka riƙa kallonsa kamar ɗan kasuwa, darajarsa ta yi ƙasa na ɗan lokaci.

Daga baya ta dawo. A 1974 BBC ta mayar da littattafansa shida na siyasa wasan talabijin mai kashi 26. Firaministocin Birtaniya biyu, Harold Macmillan da John Major, sun shahara da son karanta shi. A 1993 aka sa dutsen tunawa da shi a cocin Westminster Abbey, tsallaken titi kaɗan daga majalisar da ya yi ta nema bai samu shiga ba.