Colin Chapman, Baturen da ya yi suna da rage ƙarfe a mota

Mu da muka taso a Zango muka koyi aiki a Suame Magazine, abu guda muka sani game da bayan mota: in ta tsuguna, a ƙara mata sufirin. Mai trotro ya zo, ka cusa masa ganye biyu, ya tafi ya loda doya. Shi ya sa ranar da na fara kwanciya ƙarƙashin wata tsohuwar Lotus Elan da wani dattijo ya kawo daga Ingila, sai na zaci an sace rabin kayanta. Ashe haka maginin ya so.

Sunansa Colin Chapman. An haife shi a 1928, ya karanta injiniyancin gine-gine a University College da ke Landan. A 1948 ya kwaskware wata tsohuwar Austin 7 ya shiga gasa da ita, a 1952 kuma ya kafa kamfanin Lotus a bargar dawakai bayan otal ɗin babansa a Hornsey, da rancen fam 25 daga Hazel, wadda daga baya ya aura. To, ka ji, shi ma a rumfa ya soma kamar mu.

Dabararsa ita ce ƙarfe ɗaya ya yi aiki biyu. A Lotus 12 ta 1957 ya haɗa sufirin da shokazoba a sanda guda, sannan shaf ɗin da ke juya taya ya zama shi ne kuma hannun da ke riƙe ta. Har yau tsarin sunansa yake ɗauke da shi. A Elan ta 1962 sai ya sa wa shaf zoben roba. Motar tana kwance kwana kamar ruwa, amma robar in ta tsufa tana tsagewa, shaf ya yi ta dukan duk abin da ya samu. Ta dattijon nan haka ta iso mini. Na cire robar, na sa shaf mai joyin irin na motocin yanzu.

Lotus ta ci kambun kamfanoni na tseren Formula 1 sau 7 tsakanin 1963 da 1978. Sai dai rashin nauyin nan ba a banza ya zo ba. A 1969 direbansa Jochen Rindt ya rubuta masa wasiƙa yana roƙon a ƙara ƙarfi a wuraren da suka fi rauni. Shekara na zagayowa ya mutu a Monza cikin Lotus 72. Ni dai a nan nake rabuwa da Chapman, duk da son da nake wa aikinsa.

Ciwon zuciya ya kashe shi a Disamba 1982, yana da shekara 54, ana tsakiyar binciken kuɗin gwamnatin Birtaniya da suka ɓace a harkar motar DeLorean. Shi bai kai ga tsayawa gaban alƙali ba, amma akawunsa Fred Bushell ya sha ɗaurin shekara 3 a 1992.