Malam Muhammadu Al-Katsinawi, Masanin Lissafin Da Ya Karantar A Misira



Ya ku ɗalibai da iyayenmu, a wannan fitowa filin tarihin magabata zai leƙa ƙasar Katsina. Duk lokacin da makarantun boko suka sa ranar baje kolin kimiyya, sai ka ga yaro ɗan sakandare ya tasa mahaifinsa gaba, a sayo batir, a sayo waya, a sayo ƙaramin inji. Uban kuwa wataƙila leburan kamfani ne a Sharaɗa ko Challawa ko Bompai, albashin bai kai shi ƙarshen wata, wani ma masaƙar da yake aiki ta daɗe da rufewa. Wasu iyayen kuma sun ɗauka kimiyya kayan Turawa ce, babu ruwan ɗan Islamiyya da ita. To, tarihin wannan bawan Allah zai amsa wa kowa. Kayan aikinsa alƙalami ne da tawada da takarda, amma malaman Misira sun zauna gabansa sun ɗauki karatu.

Asalinsa

Sunansa Muhammad ɗan Muhammad Al-Fulani Al-Kashnawi As-Sudani, wato Bafillace, Bakatsine, mutumin ƙasar baƙar fata. Ana kuma jingina shi ga garin Ɗan Ranko na ƙasar Katsina. Ya yi zamani a farkon ƙarni na 18, kafin jihadi, domin ya rasu shekara 13 kafin a haifi Shehu Usmanu Ɗanfodiyo a 1754. Katsina ta wancan lokaci gari ne na fatauci da karatu. Ayarin raƙuma na shigowa daga arewa da hajja da takarda da littattafai, kuma a ƙarnin da ya gabace shi ne Wali Ɗan Marina da Wali Ɗan Masani suka yi zamaninsu a birnin. Mafi yawan labarinsa ya zo mana ne ta hannun masanin tarihin Misira, Abdurrahman Al-Jabarti, wanda ya rubuta shi a littafinsa Aja'ibul Asar. Nan gaba za ku ji abin da ya haɗa gidansu da Malam.

Karatunsa

Malam Muhammadu bai fara da lissafi ba, da Larabci ya fara kamar ku. Ya lizimci wani malami mai suna Shaihu Muhammad Fudu wajen shekara 4, suna tare a gida, suna tare a halin tafiya. A wurinsa ya karanta mafi yawan littattafan adabi, ya ƙware a nahawu da sarfu. Ya haddace littafin Maƙamat, wannan na lugga da har yanzu ake ja a zaurukan Kano, haddar da idan aka ambaci kalma ɗaya daga ciki sai ya kawo wadda ta gabace ta nan take. Saboda haka malaminsa ya riƙa kiransa mai Maƙamat. Da ya gwanance a nahawu sai ya sauya masa laƙabi zuwa Sibawaihi, sunan babban limamin nahawun nan na Basra.

Daga nan ya koma wurin Shaihu Muhammad Bindu. A nan ya ɗauki ilmin hisabi, da ilmin miƙati, wato sanin lokutan salla da alƙibla ta hanyar tafiyar rana da taurari, bisa tsarin malaman Magrib. Ya kuma ɗauki ilmin haruffa da aufaƙi, wato jera lambobi cikin gidaje murabba'i, abin da Hausawa ke kira hatimi. Cikin malamansa har da Shaihu Muhammad Al-Wali na ƙasar Bagarmi. Ku lura da wannan jeri, ya ku ɗalibai: harshe da farko, sannan lissafi. Wanda bai iya karanta tambaya ba, yaya zai yi ya amsa ta?

Tafiyarsa Gabas

Da ya ga ya sami rabo, sai ya nemi izinin malaminsa ya kama hanyar hajji. A wancan zamani tafiya ce ta ƙasa, mutum ya yi sallama da iyalinsa sallamar da ba lalle a sake ganawa ba. Ya ratsa masarautu da dama, yana ganawa da sarakunansu da malamansu. A wani gari ya yada zango har wata 5 wurin wani malami, ya karanta littattafan hisabi da na ramli. Ya ma rubuta labarin abin da ya same shi a wannan tafiya.

Ya yi hajji a shekarar 1142 bayan Hijira, daidai da 1730, ya zauna a Makka na wani lokaci. A can ya fara wallafa babban littafinsa Ad-Durrul Manzum. Daga baya ya wuce birnin Alƙahira, ya sauka a unguwar Darbul Atrak kusa da masallacin Azhar, ya kammala littafin a watan Rajab na 1146. Yana da Bahjatul Afaƙ a kan haruffa da aufaƙi. Yana da Minahul Ƙuddus, waƙe a fannin manɗiƙi, wanda shi da kansa ya yi wa sharhi mai faɗi. A nahawu kuma yana da Bulugul Arab.

Cikin waɗanda suka ɗauki aufaƙi da lissafin lambobi a wurinsa akwai Shaihu Hasan Al-Jabarti, babban malamin fiƙihu da ilmin falaki a Misira, mahaifin wancan masanin tarihi. Shi wannan Shaihu Hasan, da ya ga ma'aunan kasuwannin Misira sun lalace ana cutar mutane, sai ya tara maƙera aka gyara su, ya kuma rubuta littafi a kan sikeli da awo.

Rasuwarsa

Malam Muhammadu bai koma Katsina ba. Allah ya yi masa rasuwa a Alƙahira a shekarar 1154, daidai da 1741, a cikin gidan Shaihu Hasan, bayan ya yi masa wasiyyar kula da abin da ya bari da littattafansa. Shaihu Hasan ya binne shi a maƙabartar Bustanul Ulama, ya sa aka rubuta sunansa da shekarar rasuwarsa a kan kabarin. Allah ya jiƙansa, ya yafe masa kurakuransa.

Sunansa bai ɓace ba. A 1967 Malam Hassan Ibrahim Gwarzo, wanda daga baya ya zama Alƙalin Alƙalan Kano, ya buga bincike a Ibadan a kan bayanin da Malam ya yi na ramzi. A 1973 wata malamar lissafi 'yar Amurka, Claudia Zaslavsky, ta kawo aikinsa na murabba'ai a littafinta kan lissafin mutanen Afirka.

Abin Ɗauka Da Abin Bari

Wajibi ne a faɗi gaskiya a nan. Ad-Durrul Manzum littafi ne a kan ɗalasimai da taurari, ramli kuma shi ne duban ƙasa. Malaman Sunna sun yi magana mai tsawo a kan waɗannan, kuma sanin gaibu na Allah ne Shi kaɗai. Makarantarmu ba ta koyar da duba, ba ta koyar da rubuta laya. Amma a cikin hatimin nan da wasu ke naɗewa a fata akwai lissafi tsantsa, wanda ba ya warkar da ciwo, ba ya jawo kasuwa, amma yana wasa ƙwaƙwalwa. Shi za mu ɗauka, tare da miƙati da awo. Ga ayyuka huɗu da kowane ɗalibi zai iya kaiwa baje koli, duk daga fannonin Malam da na almajirinsa.

Na ɗaya, murabba'in lambobi. Ka zana gida 9, uku a tsaye uku a kwance. Ka sa 1 a gidan tsakiya na layin sama. Kowace lamba ta gaba, ka hau sama gida ɗaya ka matsa dama gida ɗaya. In ka fita ta sama, ka shigo ta ƙasan wannan layin. In ka fita ta dama, ka shigo ta hagu. In ka tarar da gidan a cike, ka sa lambar a ƙarƙashin wadda ka gama rubutawa. Ga abin da zai fito:

8 1 6
3 5 7
4 9 2

Ka tara a kwance, ka tara a tsaye, ka tara daga kusurwa zuwa kusurwa, duk 15 ne. Me ya sa 15? Domin 1 zuwa 9 idan aka tara su 45 ne, layi kuma uku ne, 45 a raba uku 15. Ka ga babu aljani a ciki. Wannan na 'yan ƙaramar sakandare ne. 'Yan babbar sakandare su yi mai gida 25, wanda kowane layinsa 65 ne, da mai gida 49, wanda layinsa 175 ne, sannan su gwada hanyar a kan mai gida 16 su bayyana wa alƙalan gasa dalilin da ya sa ta ƙi. Irin waɗannan murabba'ai masu mara, wato uku da biyar da bakwai, su ne Malam ya yi bayanin hanyoyin gina su. Kwalin da ake zubarwa a bakin kamfani ya isa allon nuni.

Na biyu, inuwar sanda. Ka kafa miƙaƙƙiyar sanda mai tsawon mita ɗaya a daidaitacciyar ƙasa. Daga ƙarfe 11 na safe zuwa 2 na rana, duk bayan minti 10 ka sa alama a ƙarshen inuwa, ka auna, ka rubuta. Inda inuwa ta fi gajarta ta fara ƙaruwa, nan ne zawali, farkon lokacin Azahar. A Kano yana faɗowa tsakanin 12:10 da 12:40 gwargwadon wata. Idan inuwa ta kai tsawon sandar haɗe da inuwar zawali, La'asar ta shiga, kamar yadda muka karanta a fiƙihun Malikiyya. Ka yi haka sati huɗu, ka kwatanta da jadawalin masallacinku. Wajen 21 ga Afrilu da 21 ga Agusta rana kan bi ta tsakar kan Kano, inuwar zawali ta kusa ɓacewa ɗungum. Ranar 27 ko 28 ga Mayu da ƙarfe 10:18 na safe agogon Nijeriya, da 15 ko 16 ga Yuli da ƙarfe 10:27, rana tana saman Ka'aba. Layin da ya taso daga ƙarshen inuwa zuwa gindin sanda a wannan lokaci, shi ne alƙibla. Inuwa za ka duba, kada ka kuskura ka kalli ƙwayar rana.

Na uku, ramzi. Magabatanmu kan rubuta shekara da haruffa. A lissafin Magrib da malaman ƙasar Hausa suka bi, alifun 1 ne, ba'un 2, jimun 3, dalun 4, nunun 50, ƙafun 100, shinun 1000. Mutanen gabas kuwa gainun ne 1000 a wurinsu, shinun 300. Idan ka haɗa shinun da ƙafun da nunun da dalun, ka sami 1154, shekarar rasuwar Malam. Ɗalibin da ya iya ajami sai ya zana jadawalin tsarin biyu, ya riƙa rubuta wa masu kallo shekarar haihuwarsu ta Hijira. Wannan aiki ne da ɗan Islamiyya zai fi kowa iyawa.

Na huɗu, awo. Ka sayi kwanon gero ko shinkafa a wuri uku daban-daban idan za a yi cefanen gida, ka ɗora kowanne a sikeli ɗaya sau uku, ka rubuta nauyin. Shin kwano ɗaya ne a ko'ina? Kada ka ambaci sunan mai shago, domin bincike ka zo yi, ban da tona asiri. Ka tambayi mahaifinka ko yayanka da ke aiki a majemar Challawa ko kamfanin roba a Sharaɗa yadda suke auna sinadari da ruwa kafin su zuba, da abin da ke faruwa ga fata ko roba idan awo ya kuskure. Suratul Muɗaffifina ma a kan tauye mudu ta sauka.

Nasiha

Ya ku ɗalibai, duk aikin da kuka zaɓa, ku sami littafi guda ku riƙa rubuta kwanan wata da abin da kuka gani. In sakamako ya saɓa wa abin da kuke so, ku rubuta shi yadda ya zo, domin ƙarya haramun ce a kasuwa, haramun ce a ɗakin gwaji. Ku maimaita gwaji aƙalla sau uku. Kada babba ya yi muku aikin ku je ku ce naku ne.

Ku kuma iyaye, don Allah ku ba yaran nan lokaci da wurin kafa sanda a tsakar gida, 'yan mata da maza. Tun 1977 Kano ta buɗe makarantun kimiyya a Dawakin Kudu da Dawakin Tofa, kuma kamfanonin da ke kewaye da mu suna bukatar masu iya lissafi da awo masu tsoron Allah. Wanda ya shirya aikinsa ya kawo wa malamin ajinsu ya duba kafin ranar baje koli.

Allah ya jiƙan Malam Muhammadu Al-Katsinawi da malamansa da namu malaman, ya ba mu ilmi mai amfani, ya tsare mu daga wanda ba ya amfani. Amin.