Janar Seyni Kunce: Abin Koyi da Abin Gudu

Da yake zaɓen shugabannin ƙungiyarmu ya gabato, mun ga ya kamata mu waiwayi rayuwar marigayi Janar Seyni Kunce, ko ma tsinci abin da zai amfane mu.

An haife shi a Fandu, cikin ƙasar Filinge, a 1931. Ya shiga sojan Faransa, aka kai shi Indocin da Aljeriya, sa'an nan ya dawo rundunar Nijar a 1961, ya zama babban hafsanta a 1973. A lokacin fari ya ci ƙasa, dabbobi sun ƙare, kuma ana ta gunaguni cewa hatsin agaji ba ya isa ga talaka. Ran 15 ga Afrilu 1974 ya kifar da gwamnatin Diori Hamani.

Abu na farko da ya sa gaba shi ne cikin talaka. Ya sa motocin soja suka kai hatsi har ƙauyuka. Da yunwa ta komo a 1984, shekarar da Najeriya ta rufe iyakarta har hanyar Kamba ta mutu, bai ɓoye halin da ake ciki ba. Ya tafi Amurka da kansa a watan Disamba neman agaji.

Na biyu, bai yarda da labarin baki kaɗai ba. Yakan faɗa wa ma'aikatu da sassafe ba sanarwa, ya ga wanda ya zo da wanda ya makara. Wanda ya taɓa kuɗin gwamnati kuwa, ya san kurkuku na jiransa. Ya kuma farfaɗo da samariya, matasa suka riƙa aikin gayya.

Amma gaskiya ɗaya ce, sai mu faɗe ta. Ya soke jam'iyyu da majalisa, 'yan sandan ciki suka cika gari har mutum na tsoron maƙwabcinsa. An tsare mutane shekaru ba shari'a, mataimakinsa Sani Suna Sido ma a tsare ya mutu. Gyaran da tsoro ya riƙe, ran da mai sanda ya kau sai ya saki. Ya rasu a asibiti a Paris ran 10 ga Nuwamba 1987, Ali Saibu ya gaje shi.

To 'yan'uwa, asusunmu gumin 'yan ci-rani ne. Mu zaɓi wanda zai je ya ga rijiya da idonsa kafin ya ce an gina, wanda zai karanta lissafi gaban kowa, kuma in an tambaye shi ba zai ɗauki mai tambaya abokin gaba ba.

Allah ya jiƙan magabatanmu, ya ba mu damina mai albarka, amin.